Yadda Za Ki Kashe Mutum a Babin Farko Ba Tare da An Zo Ta'aziyya Ba

Idan kika bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ina ba ki tabbacin cewa cikin mako uku za ki rubuta labarin kisan kai na ƙauye, irin wanda ake karantawa a kishingiɗe da kofin shayi a gefe, kuma hankalin kowa a kwance. Na san abin da nake faɗa. Na karanta irin waɗannan littattafai guda arba'in da ɗaya, biyu daga ciki sau uku-uku, kuma na rubuta babi ɗaya da rabi na nawa.

Sunana Mubina. Shekaruna goma sha takwas. Ina zaune a hawa na ashirin da uku a unguwar Bukit Jalil, can ƙasar waje, wajen yayata Hussaina da mijinta Yaya Lawal mai digiri na uku, ina share fagen karatun haɗa magunguna. Ban taɓa ba kowa shawara ba sai yau, don haka in kika ga na cika ba da haƙuri, ki yi haƙuri.

Mataki na 1: Ki san dalilin da ya sa kike son su, amma kada ki faɗa wa kowa

Ƙauyen da ke cikin irin waɗannan littattafai mutum ɗari uku ne kacal. Kanti ɗaya, gidan shayi ɗaya, tsohuwa ɗaya mai kyanwa wadda ba ta barin taga. Duk wata sai an tsinci gawa a cikin lambun furanni, amma babu wanda ya taɓa tunanin ƙaura. Ba a nuna miki jini. Wanda ya mutu ma yawanci ba wanda ke kewarsa sosai.

In aka tambaye ki me kike samu a ciki, ki ce Turancinki kike gyarawa. Ana yarda da wannan.

Gaskiyar kuwa ki bar ta a cikinki. A can, in ƙarfe tara ta yi ba ki buɗe taga ba, wani zai zo ya ƙwanƙwasa miki ƙofa. A gininmu kuwa akwai mutumin da muke shiga lif tare wata takwas, ban san muryarsa ba. Sannan a can mutuwa tana da bayani. Kafin shafi na ɗari biyu da hamsin, wani zai tara kowa a falo ya ce ga wanda ya yi, ga dalili, ga yadda aka yi. Lokacin da Ummanmu ta rasu, likita ya ce an yi iya ƙoƙari, Baba ya ce kwana ne ya ƙare, ni kuma aka ce in je in ɗora ruwan zafi saboda baƙi. Ban ce wani ya yi laifi ba. Na dai ce na fi son littafin.

Mataki na 2: Ki ɓoye

Wannan ya danganta da irin babanki. Nawa, a filin jirgin Kano, bayan ya gama yi mini addu'a, cewa ya yi duk ranar da ya sake jin labarin littattafan ƙaryar nan, ƙarshen zango in tattaro kayana in dawo. Baba ba ya maimaita magana. Kuma duk Juma'a Yaya Lawal yana kiransa ya ba shi rahoto, shi kuwa Yaya Lawal mutum ne da in ya ɓoye abu sai atishawa ta kama shi.

Don haka: ki sayi littattafanki na hannu a unguwar Brickfields, nesa da idon sani. Ki naɗe bangonsu da takardar kalanda. Abin da kike rubutawa a kwamfuta ki sa masa suna "Aikin Kemistiri na 4". Babu ɗan'adam ɗin da zai buɗe wannan da son ransa.

Kina buƙatar ƙawa ɗaya mai riƙe baki. Tawa Purity ce, 'yar Kafanchan, ajinmu ɗaya, mamanta Anti Christy tana koyarwa a wata jami'a a nan. Tare muke zuwa sayen littattafai. Amma ko ita ban gaya mata na fara rubuta nawa ba. Na so ya zo mata ba zato. Ya kuwa zo.

Mataki na 3: Ki samo ƙauye

In a Gyaɗi-Gyaɗi aka haife ki kamar ni, kuma sau biyu kawai kika taɓa kwana a ƙauye, duka biyun kina kuka, kada ki damu. Ki ƙirƙiro. Nawa sunansa Tudun Gawasa. Na sa masa rijiya, rumbuna, da mai shayi.

Mutane kuma ba sai kin ƙirƙiro ba. Ki duba kewaye da ke. 'Yan Arewan da ke Bukit Jalil da Sri Petaling ba mu kai gida sittin ba. Mun san wadda ta sayi sabuwar tukunya, mun san wanda malaminsa ya dawo masa da babi na uku karo na huɗu, mun san wanda ya ce yana rage tumbi amma aka gan shi a mamak, gidan abincin 'yan ƙasar, da gurasar roti biyu. Labari yana isa guruf ɗin mata na WhatsApp kafin LRT, jirgin ƙasan cikin gari, ta bar tasha. Ke dai kina cikin ƙauye, hawa ne kawai ya yi masa yawa. Ki kwashe su gaba ɗaya ki zuba su a bakin rijiya.

Mataki na 4: Ki zaɓi gawa

Gawa mai kyau ita ce wadda kowa ke da ɗan dalili a kanta, komai ƙanƙantarsa.

Malam Datti yana hawa na tara. Shekararsa ta bakwai ke nan yana digiri na uku a kan ƙasar noma. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, sai dai ba ya iya ganin kuskure ya wuce. Yana gyara wa mai sanarwa a masallaci. Yana gyara wa mata yawan gishiri a walima. Ya taɓa mayar wa wani katin ɗaurin aure da jan biro a wurare uku.

Ni a lif ya kama ni. Takardar kalandar ta zame, ya leƙa bangon, ya ga hoton kofin shayi da wuƙa. Ya tambaye ni wannan kuma wane darasi ne. Na ce Turanci. Ya ce a'a, wannan ɓata lokaci ne aka yi masa bango mai kyau. Kafin lif ya kai ƙasa na riga na san wanda za a tsinta a bayan rumbu.

Maganar suna kuwa, kada ki wahalar da kanki tun yanzu. Ki bar sunansa na gaskiya na ɗan lokaci don ki riƙa jin muryarsa. Daga baya kya canza. Akwai lokaci.

Mataki na 5: Ki buɗe da sanarwa

A littattafan Turawa, mai aiki ce ke shiga ɗaki ta saki faranti ta ƙwalla ƙara. Mu ba haka mutuwa ke zuwa mana ba. Mu da sanarwa take zuwa. Na yi alfahari ƙwarai da na gano wannan da kaina. Ga yadda na buɗe babin farko:

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malam Datti rasuwa yau da rana. An same shi a bayan rumbu da kofin shayi a hannunsa, bai ko kurɓa ba. Za a yi jana'iza bayan la'asar a ƙofar gidan Mai Unguwar Tudun Gawasa. Allah ya jiƙansa."

Ki tura wa ƙawarki wannan ta WhatsApp, shi kaɗai, don ki ga ko zai kama ta. Saƙo na biyu, mai cewa "ya kika ga farkon labarina?", ki tura shi nan take. Ina nufin nan take. Ba bayan yayarki ta kira ki daga kicin cewa shinkafa tana kamawa ba, ba kuma bayan kin ajiye waya kin yi minti ashirin kina kankare gindin tukunya ba.

Ranar Asabar ce, ƙarfe biyu da rabi na rana.

Mataki na 6: Ki san masu karatunki

Akwai abin da littattafai arba'in da ɗaya ba su koya mini ba. Mutanenmu ba sa karanta sanarwar mutuwa har ƙarshe. Jimla ta farko, jimla ta biyu, sai addu'a, sai a tura gaba. Kuma ba a tambayar "da gaske?" a kan rasuwa. Rashin tarbiyya ne.

Purity yarinya ce mai tarbiyya. Ta kai wa mamanta. Anti Christy, wadda ba ta taɓa bari an riga ta zuwa gaisuwa ba, ta tura guruf ɗin mata. Matar Malam Muttaka ta tura wa mijinta. Malam Muttaka, shi ne sakataren ƙungiyarmu, ya tura guruf ɗin maza. Daga can ya tsallaka Najeriya, inda gari bai daɗe da wayewa ba kuma kowa na riƙe da waya.

An kira Malam Datti, waya a kashe. An kira matarsa Anti Kausar, a kashe. Kowa ya san suna kashe waya su yi barcin rana duk Asabar, don shi da kansa ya sha yi mana lacca a kan amfaninsa. Amma a ranar sai aka ce ai ka gani, ko waya ba ta iya ɗauka, baiwar Allah.

Da na goge hannu na ɗauki wayata, saƙo ɗari da goma sha huɗu na tarar a guruf. Na Purity shi ne a sama: "Wayyo Mubina, sannu. Allah ya ba ku haƙuri."

Darasi: idan rubutunki ya sa mutum ɗari sun amsa cikin minti ashirin, kina da baiwa. Ki riƙe wannan a ranki, don ba za ki samu mai faɗa miki ba a ranar.

Mataki na 7: In aka miƙo miki kula, ki karɓa

A nan ne ya kamata ki buɗe baki ki faɗi gaskiya. Na buɗe nawa. Yaya Hussaina ta riga ta zura hijabi, tana juye shinkafar a kula tana hawaye, tana cewa jiya-jiya fa ya gyara mata yadda take ajiye takalma a ƙofar gida. Ta miƙo mini kular. Na tuna filin jirgin Kano. Na rufe bakin, na karɓi kular.

A littattafai, mai laifi yakan halarci jana'iza fuskarsa a sake. Ina mai shaida miki cewa marubutan ba su taɓa gwadawa ba. Daga hawa na ashirin da uku zuwa na tara, sau uku ina cewa "Yaya", sau uku tana ce mini in yi haƙuri, duk can za mu.

Mun tarar da mutum kusan ashirin a bakin ƙofa. Wani ya yo tapau, wato ƙunshi, na roti talatin daga mamak. Malam Muttaka yana waya ƙasa-ƙasa a kan yadda ake samun wuri a maƙabarta. Anti Christy da Purity suna gefe da katan ɗin ruwa. Yaya Lawal ya ƙwanƙwasa a hankali.

Malam Datti ya buɗe, da singileti da zani, shatin matashi a kumatunsa.

Wata mata ta zauna a ƙasa a inda take. Ya dube mu, ya dubi kuloli.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Malam," in ji Yaya Lawal. "Ta'aziyya muka zo."

"Ta wa?"

"Taka."

Ya matsa daga bakin ƙofa. Sannan ya ce to mu shigo, kada abinci ya huce.

Mataki na 8: Ki samu wurin zama kusa da ƙofa

Abu na farko da Malam Datti ya yi, ya kunna waya ya kira yayarsa a Funtuwa. Labarin ya isa can. Muna jin kukanta daga inda muke, tana ta kiran sunansa na yarinta, shi kuma yana ta cewa ni ne, Yaya, ni ne, ga ni. Wannan ɓangaren babu abin dariya a ciki. Duk littattafan da na karanta, babu gawar da take da yaya a Funtuwa.

Da ya gama, ya shiga ya sako kaftani da tabarau. Anti Kausar ta dafa shayi. Aka zazzauna, maza a kujeru, mata a kafet. Na duba falon: kowa ya hallara, ga shayi, ga mutum a tsaye a tsakiya hannunsa a baya. Na san wannan shafin. Ban dai taɓa karanta shi daga wannan kujerar ba.

Ya karɓi wayar Yaya Lawal ya karanta sanarwar a bayyane har ƙarshe. Shi ne mutum na farko a nahiyoyi biyu da ya yi haka. Sannan ya tambaya, cikin natsuwa, a wane hawa rumbun Bukit Jalil yake. Ya tambaya wane ne Mai Unguwa. Ya tambayi Malam Muttaka, a matsayinsa na sakatare, wace LRT ake shiga zuwa Tudun Gawasa. Malam Muttaka ya ce shi dai ya ɗauka sunan sabon masallaci ne.

Daga nan ya bi sawu. Kai wa ya turo maka? Ke fa? Ke fa? Minti biyar bai cika ba ya iso kan Anti Christy, ita kuma ta juya ta dubi 'yarta.

Purity ta ce turo mata aka yi. Ya ce wa ya turo mata. Ta dubi kafet. Mamanta ta ce da ita ake magana. Ta ce, "Mama, ba zan faɗa ba."

Anti Christy ta miƙe tsaye tana ba da haƙuri. Ta ce shekara biyar tana cikinmu, suna da biki da rashin lafiya babu inda ba ta je ba, ba ta so a ce daga gidanta ƙaryar mutuwa ta fito. Na ga wasu mata biyu sun haɗa ido. Purity ba ta ko kalli inda nake ba.

Amfanin zama kusa da ƙofa shi ne za ki iya fita. Na auna nisan. Taku huɗu ne.

Mataki na 9: Ki amsa laifi da ƙarfi, don kada ki maimaita

Na ce ni ce. Babu wanda ya ji, saboda wani yana buɗe ledar roti. Sai da na miƙe na sake faɗa.

Na yi bayani, ba a jere ba. Na ce labari ne, na ce shinkafa ce ta kama, na ce na yi niyyar canza sunan, na ce Purity ba ta san komai ba. Yaya Hussaina ta rufe fuska da hijabi. Yaya Lawal ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Ya ce shi dai ranar Juma'a ba zai iya ɓoye wa Baba ba, in yi haƙuri. Na ce na sani.

Malam Datti ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"To wa ya kashe ni?"

"Ban yanke ba tukuna, Malam."

"Kin kashe mutum, kin tara masa jama'a, kin sa yayarsa kuka, kuma ba ki san wanda ya kashe shi ba?"

Na ce ina kan tunani.

Ya sake duba wayar. Ya ce an rubuta bai ko kurɓa ba, ke nan in guba ce, ba a shayin take ba. To me kofin yake yi a hannunsa a bayan rumbu? Wani ne ya damƙa masa bayan ya mutu, don a zargi mai shayi. Ya tambaye ni ko da gangan na yi haka.

Ban taɓa lura ba. Na sa kofin ne saboda duk littattafan akwai kofi. Na ce e, Malam.

Ya ce to da sauran hankali a ciki. Ya juya wajen Yaya Lawal ya ce ya ba shi lambar Alhaji, wato Baba, yanzu, ba sai Juma'a ba. Shi ne mamacin, shi ke da hakkin kai ƙara.

A gaban kowa ya kira Baba. Ya gaisa da shi har ya tambayi damina. Sannan ya gaya masa komai, bai rage ko kalma ba. Ya ce yarinya ta yi laifi, kuma za ta kira Funtuwa ta ba da haƙuri da bakinta, ta kuma ba wa Madam Christy haƙuri a nan take. Amma maganar a mayar da ita gida, shi bai amince ba, don ba a sallamar mutum da bincike a hannunsa. Shi zai riƙa duba ta: makinta na makaranta kada ya sauka ko da ɗaya, sannan duk Asabar ta kawo masa babi, har a san wanda ya yi wannan aiki.

Baba ya saurara har ƙarshe. Can ya ce, in dai wanda aka kashe ya yafe, shi mene ne nasa. Amma maki ɗaya ya sauka, jirgi na nan.

Na durƙusa na ba wa Anti Christy haƙuri. Ta ja mini kunne, sannan ta rungume ni. Yayar Funtuwa ta ce ta yafe, Allah ya shirye ni, kuma kada in kuskura in sa ta a ciki. Purity ba ta yi mini magana ba sai ranar Talata. Aka cinye rotin duka.

Mataki na 10: Ki zaɓi mai kisa, ki yi sauri

Da zarar jama'a sun san suna cikin littafi, zamanki lafiya ya ƙare. Malam Muttaka ya tare ni a kedai, wato kanti, ya ce a rubuta cewa lokacin da abin ya faru shi yana masallaci. Wata ta ce in an sa ta, a rage mata shekara biyar. Babin farko ya dawo mini daga hawa na tara da gyara sittin da uku, huɗu daga ciki a cikin sanarwar rasuwar.

Amma tayin da ya fi tsaya mini a rai tun a ranar na same shi. Bayan baƙi sun watse, ina taya Anti Kausar wanke kofuna a kicin, muna jiyo shi daga falo yana bayyana wa Yaya Hussaina abin da ya sa shinkafarta ke kamawa. Anti Kausar ta miƙo mini kofi ba tare da ta dube ni ba.

"Mubina. In kin rasa wanda za ki ba wa kisan, ina nan. Shekara ashirin da biyu ina aure da shi. Ba sai kin nemo mini dalili ba."

Gargaɗi

Marubuciyar nan ba ta ɗauki alhakin duk wata kula, roti, katan ɗin ruwa ko kukan 'yan'uwa da bin waɗannan matakai zai jawo ba. Ba ta da hannu in aka sa ki a jirgi, in ƙawarki ta yi kwana uku ba ta kula ki ba, ko in wanda kika kashe ya buɗe ƙofa. Ba kowace gawa ce mai sauƙin kai ba, kuma ba a gwada wannan hanya a kan kowa ba sai mutum ɗaya. Duk mai ƙorafi ya kai wa mamacin. Shi ke duba aikin yanzu, kuma ya ce har yau bai gamsu da yadda ya mutu ba.